Sandar da Muka Kafa a Falon Dakta Lawal

Na'ima, ajiye wayar nan tukuna. Na ga bidiyon, tun a bakin ƙofa kika nuna min. Yarinyar da kike gani tana lilo a jikin sanda, kai a ƙasa, tana murmushi, ba a nuna muku shekarun da ta yi tana gasa kafaɗa da ruwan zafi ba. Ku zauna a kan katifar nan ku duka. Tunda kun ce so kuke kafin hutu ku iya juyewa, bari in gaya muku yadda aikin yake, in ya so wadda ta ga za ta iya sai ta dawo.

Ni ba sha'awar rawa ce ta kawo ni ba, ciwon baya ne. Mun zo ƙasar nan ta Malayawa da maigidana Abban Khalil lokacin da ya samu tallafin karatun digirinsa na uku, ina zaune a gida a unguwar Sri Petaling ina rainon yara. Bayan haihuwata ta uku bayana ya riƙe, har ruku'u sai na dafa bango. Likita ya duba ya ce ƙashi lafiya lau, naman cikina da na bayana ne suka saki, in nemi motsa jiki. Wata rana ina shagon yadi a titin da ake kira Jalan Tuanku Abdul Rahman, na sunkuya zan ɗauki leda na kasa miƙewa. Wata Bamalayiya gajeriya ta tallabe ni ta ƙugu, ta miƙar da ni kamar ta ɗaga jariri. Ita ce Kak Midah. Kak a wurinsu kamar Yaya ne a wurinmu. Ta ce tana da wurin motsa jiki na mata zalla a unguwar Kampung Baru, a saman wani shagon abinci. Da ta faɗi irin motsa jikin, wanda da Turanci ake ce wa pole, wato rawa a jikin sanda, sai na ce a'uzubillahi. Ta yi dariya ta ce, "Zo ki gani da idonki mana, in bai miki ba ki sha shayi ki tafi."

Na je da hijabina har ƙasa. Na tarar da labule a rufe, mayafai rataye a jikin ƙusa, wata nas da ta taso daga aiki, wata mai jikoki, kowa tana haɗa gumi. Ko kiɗa babu, sai muryar Kak Midah tana ƙirga musu. Da na koma gida na gaya wa Abban Khalil komai. Ya ce, "Maza na shiga?" Na ce a'a. "Ana ɗaukar hoto?" Na ce waya ma a bakin ƙofa ake barinta. Ya ce, "To je ki, in dai bayan zai saki."

Watannin farko ƙafata ba ta bar ƙasa ba. Zagaya sandar kawai nake, hannu ɗaya a sama, Kak Midah tana bina tana danna min kafaɗa ƙasa. Kullum maganarta ɗaya: kar ki rataye a kafaɗarki kamar rigar shanya, ki ja kafaɗar ƙasa ki riƙe ta. Ina ganin wasa ne sai da na ga matan da suka ƙi ji suna zuwa da hannu a ɗaure. Da na fara hawa, jini ya kwanta min a ƙwauri da bayan gwiwa da cinya, tafin hannuna ya yi kanta har yara na cewa hannun Mama ya koma na birkila. Amma bayan ya saki. Ranar da na ɗauki buhun shinkafa daga lif zuwa kicin ban tsaya ba, ranar na san ba zan bari ba.

Aikin farko da Kak Midah ta ba ni bayan ta ce in riƙa taya ta shi ne tsumma da kwalbar sifirit. Kowace sanda sai na goge ta daga sama har ƙasa kafin aji da bayan aji, in bi notunanta ɗaya bayan ɗaya da alanki, in girgiza ta da ƙarfina. Sai da na daɗe a haka sannan ta koya min tsaron mai hawa, kuma wannan shi ne ainihin sana'ar. Kowa na iya koyon hawa. Tsayawa a ƙarƙashin mutum shi ne wuya. Ba ƙafa ake kamawa ba. Ƙafafunki a buɗe, gwiwa a ɗan lanƙwashe, hannu ɗaya a ƙugunta, ɗayan tsakanin kafaɗunta, idonki a kan wuyanta. Wadda na fara tsarewa wata ma'aikaciyar banki ce mai jiki. Ta juya lafiya, sai ta ga duniya a kife, ta firgita ta saki hannu biyu ta rufe fuska. Nauyinta duka ya sauko a ƙirjina, muka zauna a katifa tare, kanta a kan cinyata. Kak Midah ba ta yabe ni ba. Cewa ta yi, "Kin ga idonta kafin ta saki? Nan gaba tun daga ido za ki sauke ta."

Sandunan nan da kuke gani ba iri ɗaya ba ne. Mai sheƙin nan ita ce aka fi sani, amma a garin nan da mutum ke gumi ko yana zaune, santsi take yi kamar an shafa mata kuɓewa, sai an kunna esi an yi ta gogewa. Ta tagulla ta fi kama fata a zafi, sai dai tana ƙona cinya idan aka zame da sauri. Baƙar nan mai rufin roba ita ce tamu. Sauran sai fata ta taɓa ƙarfe suke riƙe mutum, shi ya sa kuke ganin masu yi a bidiyo da guntayen kaya. Ita wannan yadi take kamawa, don haka da dogon wando da riga mai dogon hannu ake hawanta, in ma kin hau da fata a buɗe sai ta saɓule miki ita. Kak Midah don irinmu ta kawo su. Kowace kuma tana da makulli a gindi: in an buɗe sai ta riƙa juyawa da mutum, in an kulle ta tsaya cak. Sabuwar ɗaliba ba ta taɓa mai juyawa. Na ga wadda ta matsa sai an buɗe mata, ta sauko ta amayar da abincin ranarta a bokitin goge-goge.

Ranar aji ba a shafa mai, ko na hannu ne. Zobe da awarwaro a cire, suna karce sanda kuma suna iya tafiya da fatar yatsa. Ba a hawa da jiki a sanyaye, sai an ɗumama wuyan hannu da kafaɗa. Abin da kika yi da dama ki yi shi da hagu ko da kina jin kamar ba hannunki ba ne. Kuma duk wadda ta sayo sanda a intanet ta kafa a ɗakinta ba ta kira ni na ga rufin ɗakin ba, kar ta ce ni na koya mata. Sandar gida ba a ƙusa take tsaye ba, tokarewa take tsakanin ƙasa da sama. In saman kankare ne za ta riƙe ki. In silin ne na ado wanda bayansa rami ne, kamar na yawancin gidajen hayar nan, wata rana ke da sandar da silin ɗin za ku sauko tare.

A cikin duk matan da na koyar, Hajiya Asabe ce ba ta taɓa juyewa ba, kuma ita na fi tunawa. 'Yar Zariya ce, ta girme ni sosai, Yaya Asabe nake ce mata. Mijinta Dakta Lawal yana koyarwa a wata jami'a a nan, 'ya'yansu duk sun girma suna Najeriya. Sukari ne ya fara taɓa ta aka ce ta motsa jiki, ni kuma na ja ta. Ranar farko ta kalli sandar sama da ƙasa ta ce, "Rabi, ni fa ba tsuntsuwa ba ce, ƙasa ta ishe ni." Na ce ba komai, Yaya, a ƙasan ma akwai aiki. Ta riƙa zuwa ba fashi. 'Yan mata su zo su koyi juyi su ɓace, ita tana nan tana zagaya sandarta, tana tsugunawa tana tashi. A hankali har ta kai tana ɗaga ƙafa biyu daga ƙasa ta tsaya a hannunta na ɗan lokaci. A gida cewa take za ta motsa jiki na mata, kuma ba ƙarya ta yi ba. Dakta bai taɓa tambayar wane iri ba.

Sai shekarar korona ta zo, aka kulle gari. Wuraren motsa jiki na cikin waɗanda aka fara rufewa, kuma su ne na ƙarshen buɗewa. Mun gwada koyarwa ta waya, amma ba a tsaron mutum ta waya, don haka abin ya koma miƙa da lanƙwasa a kan darduma, mata suka riƙa raguwa. Kak Midah ta riƙe wurin iya ƙarfinta, daga baya ta haƙura ta mayar wa mai gidan makullinsa. Muka kwance sandunan gunduwa-gunduwa, ta ɗauki wasu, wasu suka kwanta a ƙarƙashin gadona. Ita ta koma soya ƙananan kayan ƙwalam a gida, ni na koma yin masa da miyar taushe ana zuwa ana tapau, wato a ƙulle wa mutum ya tafi da shi. Kantar hannuna ta baje. Na riga na sa a raina sana'ar ta ƙare.

Ana cikin haka Yaya Asabe ta kira ni. Dakta ya idar da sallar azahar ya zo tashi ya faɗi, ɓarinsa na hagu ya shanye. Ya yi kwanakinsa a asibiti ba a barin kowa ya shiga, sannan aka sallamo mata shi. Jirage ba sa tashi, babu ɗa ko ɗan'uwa da zai iya zuwa. Ɗalibansa sukan kawo cefane su ajiye a bakin ƙofa, amma ɗaga shi daga gado zuwa keke, daga keke zuwa banɗaki, ita kaɗai ce. Dakta kuwa dogo ne, kakkaura.

Ta ce, "Rabi, mun faɗi tare har sau biyu. Na biyun sai da maƙwabci ya zo. In muka sake faɗuwa ban san wa zai ɗaga wani ba."

Na ce, "Asibitin me suka ce, Yaya?"

"Sun ce in ba zan iya ba a kai shi gidan jinya. Can kuma ba za a bar ni in gan shi ba sai an buɗe gari. Tun da ya ji maganar ya daina cin abinci."

Ta ce likitan motsa gaɓoɓi, wani ɗan Indiya da ke duba shi ta waya, ya ce hannun damansa da ƙarfi, ƙafar dama ma haka. Abin da yake buƙata wani abu ne tsayayye a gefen gado da zai kama ya ja kansa, ita kuma ta tallafe shi kawai. Akwai irin sandar da ake yi wa marasa lafiya, daga ƙasa har rufi, amma sun nema an ce sai an jira, ba a san yaushe kaya za su iso ba.

Ta ce, "Sai na ce masa ai ni na san inda sanda take."

Sai dai sandarmu don masu lafiya aka yi ta, masu katifa a ƙarƙashinsu. In ta goce da mutum mai shanyayyen ɓari a kan tayil, ba gidan jinya za a kai shi ba. Na kira Kak Midah na gaya mata. Ina jin mai na tafasa a kaskonta. Can ta ce, "Boleh," wato zai yiwu. "Amma mai roba za ki kai, tafin hannunsa zai yi gumi. Ki kulle gindin, ki naɗe makullin da salatif yadda ko da gangan ba zai buɗe ba. Kuma kankare, Rabi. In ba ki samu kankare ba ki dawo da kayanki gida ko za ta yi miki kuka." Sannan muka yi magana da likitan, na nuna masa gunduwoyin ta waya. Ya ce ya yarda a gwada, da sharaɗin kar Dakta ya taɓa ta sai shi yana kallo.

Unguwarmu ɗaya, benensu na bayan namu. Abban Khalil ya saɓa jakar sandar, ni na ɗauki filam irin na magina da alanki da tsumma, muka sa takunkumi muka tafi da hantsi. Na tarar Yaya Asabe ta rame, ta ɗaure ƙugu da gyale saboda ciwo. Dakta na zaune a keke, bakinsa ya karkace, ya ɗaga mana hannun dama. Abban Khalil ya durƙusa ya gaishe shi, ni na wuce ɗakin kwana da sandar tsintsiya. Haka ake gane rufi: a ƙwanƙwasa. Kankare amsawa yake a dunƙule, silin kuwa kamar ganga. Na bi ɗakin kusurwa-kusurwa. Ganga ne duk.

Yaya Asabe na tsaye a bakin ƙofa tana kallona. Ta ce, "Ba za ki ɗan gwada ba? Ai a hankali zai riƙa ja."

Na ce, "Yaya, ranar da ƙafarsa ta ci amanarsa ba a hankali zai ja ba. Nan ba zan kafa ba."

Ta juya ta kalli bango. Ni kuma na ci gaba da bin gidan ina ƙwanƙwasawa, ɗaya ɗakin, lungun banɗaki, duk ganga. Sai a falo, tsakanin wurin zama da wurin cin abinci, na ga wani tudu da ya ratsa rufin daga bango zuwa bango, an yi masa fenti fari. Na buga, ya amsa a dunƙule. Ginshiƙin benen ne. Na ce to, tunda sanda ba za ta je wurin gado ba, gado zai zo wurin sanda. Muka kwashe kujeru, muka matsar da kantar littattafan Dakta, ni da Abban Khalil muka kwance gado muka sake haɗa shi a tsakiyar falo. Dakta na bin mu da ido.

Na naɗe kafet, na goge tayil ɗin da sifirit don kar ƙura ta sa gindin ya zame. Muka haɗa gunduwoyin, Abban Khalil ya hau kujera ya riƙe faifan da ke saman sandar a jikin ginshiƙin, ni ina murɗawa daga ƙasa ina aza filam ta gaba da ta gefe. Da ta tsaya sai na ce a fitar min da Dakta baranda ya sha iska. Na cire hijabi na hau, na wurga jikina gefe da duk nauyina. A karo na farko ba komai. A na biyu na ji ƙit a sama. Ƙaramar ƙara ce, Yaya Asabe ma ba ta ji ba, amma ni na ji ta har cikin haƙorina. Na sauko na duba, ashe bakin faifan ya hau gefen ginshiƙin inda filasta ta yi tudu. Muka sassauta, muka matsar da ita tsakiya sosai, muka sake ɗaurewa. Na sake hawa na yi ta fizga har hannuna ya mutu. Abban Khalil ya shigo ya kama ta da hannu biyu ya jijjiga kamar mai kaɗo mangwaro. Ko motsi. Na manna salatif a ƙasa daidai da bakin gindin, na ce wa Yaya Asabe kullum da safe ta tura sandar ta duba, in ta ga ta bar layin ko da faɗin farce ne kar a taɓa, ta kira ni.

Sannan muka jingina waya a kan kantar littattafai yadda likitan zai ga komai. Aka zaunar da Dakta a bakin gado, sandar na damansa. Likitan ya yi bayani, kuma abin da ya faɗa kusan shi ne abin da Kak Midah ta koya min: ƙafafu a buɗe, gwiwa a lanƙwashe, hannu a ƙugu. Ya ƙara da cewa ta tokare gwiwarsa ta hagu da tata, kuma ko kusa kar ta ja shanyayyen hannun. Na gyara mata tsayuwa, na danna mata kafaɗa ƙasa, na koma gefe. Abban Khalil ya tsaya a bayansa.

Dakta ya kama sandar. Ya ja, ya ɗago kaɗan, ya koma ya zauna da ƙarfi. Ya huta. Ya sake ja, wannan karon ko ɗagowa bai yi ba. Ya saki sandar ya sunkuyar da kai, ya yi wata magana da ba mu gane ba. Yaya Asabe ta gane. Ta ce, "A'a, Malam, ba inda za a kai ka. Kama." Ta ɗauki hannunsa ta mayar, ta ɗan ɗaga shi sama da inda ya riƙe da fari, ta ce, "Ja kafaɗar ƙasa. Kar ka rataya." Likitan ya ce ya kawo hancinsa saitin yatsun ƙafarsa tukuna kafin ya ja.

Ya sunkuyo, ya ja. Ni idona na sama a kan faifan, don haka ban ga tashinsa ba. Ji na yi Abban Khalil ya ce Allahu akbar. Na sauke ido na ga Dakta a tsaye, jikinsa duk yana kaɗawa, hannunsa a naɗe da sandar, goshin Yaya Asabe a ƙirjinsa. Faifan bai motsa ba. Ya daɗe yana haɗa maganar a bakinsa kafin ta fito.

"Asabe... har yanzu... na fi ki tsawo."

Ta ce, "Ka fi ni, Malam. Yanzu juyo a hankali mu zauna a keke."

Ya juya a kan ƙafar dama, ya zauna lafiya. Ni ma sai a lokacin na ga ashe zaune nake a ƙasa, alanki a hannuna. Da za mu tafi ya yi wa Yaya Asabe nuni da kicin. Ta ce abinci yake nema. Na ce masa akwai sauran masa a gida, ya ɗaga min yatsa alamar a kawo.

Kwana kaɗan bayan haka ta kira ni tana dariya har tana tari. Wai Dakta na kwance yana kallon sandar, ya ce mata wannan abin asalinsa na mene ne. Ta ce shi ne motsa jikin da take zuwa. Ya ce hawa take yi? Ta ce kaɗan. Ya ce ta nuna masa. Ta ɗaure zani, ta kama, ta ɗaga ƙafa biyu ta tsaya. Ta ce dariyar da ya yi da rabin baki ita ce ta farko tun faɗuwarsa. Maganar gidan jinya ba a sake tayar da ita ba. Sau ɗaya kawai ta kira ni kan salatif, na je na tarar sandar na nan daram, salatif ɗin ne ya ɗaye da ruwan goge ɗaki.

Da aka buɗe gari Kak Midah ta samu wannan ɗakin da muke ciki. Bai kai rabin na da ba, amma rufinsa kankare ne tsantsa. Muka tattaro sandunan da suka rage. Ban tambayi ta gidan Dakta ba, na bar musu ita a raina. Shi da kansa ya kira Abban Khalil, maganarsa ta warware sosai, ya ce a zo a ɗauki kayan mutane, ya koma ɗakinsa, da sandar dogarawa yake yawo yanzu.

Muka je muka kwance ta. Inda faifan ya zauna ya bar da'ira a fentin ginshiƙin. Na zuba gunduwoyin a jaka, saura ta sama, na miƙa hannu zan ɗauka sai Dakta ya ce, "Bar min wannan, Malama Rabi. Ni zan raka ki da ita." Ya miƙa wa Yaya Asabe sandar dogarawarsa, ya ɗauki gunduwar ƙarfen da hannun dama. Ba abin da yake dogarawa da shi ke nan. Na buɗe baki zan yi magana, ta girgiza min kai, ta koma hagunsa ta buɗe ƙafafu, hannunta kusa da ƙugunsa amma ba ta taɓa shi ba. Ya fita ƙofa yana jan ƙafar hagu. Muka bi shi a baya har bakin lif. Ya miƙo min ƙarfen, yana haki, gumi na bin gemunsa.

Ya ce, "Ki gaida malamarku. Asabe za ta dawo aji. Kar ki rage mata komai na horon."